Akurki Kafin 'Yan Tsaki

Ranar da na fara sayen 'yan tsaki ban fita gida da niyyar sayensu ba. Wata hidima ce dabam ta kai ni kasuwa a nan Zariya cikin watan Disamba, hunturu ya kankama, sai na tarar da wani matashi a bakin titi ya aje kwali a gabansa, 'yan tsaki maƙil a ciki suna ta kuka. Da na tambayi kuɗinsu na ji bai kai rabin abin da nake zato ba, shi kuma da ya ga na tsaya sai ya ce, "Alhaji, masu ƙwai ne, wata biyar ka fara kwasa." Na ƙirga guda 30 na biya, na ɗaura kwalin a bayan babur ina jin kaina kamar wanda ya yi tsintuwa.

Da na shiga gida maiɗakina ta leƙa kwalin, ta dube ni, ta ce, "Malam, a ina za su kwana?" Ban shirya wa wannan tambaya amsa ba. Muka kai su ɗakin ajiya, muka kunna musu fitilar ƙwai a gefe, muka zuba musu tsaki da ruwa a murfin kwano. Da asuba na je dubawa na iske sun cure wuri ɗaya a kusurwar kwalin, da na ɗaga na sama sai ga guda shida a ƙasa sun mutu, sanyi ya sa 'yan uwansu sun haye kansu har numfashi ya gagare su. Kafin mako biyu su cika saura 11, gafiya kuma ta zo ta ɗauki nata rabo. Bakwai ne suka girma, kuma wata safiya, bayan wata uku da 'yan kwanaki, na ji cara tana tashi daga bayan gida ɗaya bayan ɗaya. Duk bakwai ɗin zakaru ne. An ce arha ba ta ado, to ni arha ba ta yi mini ƙwai ba.

Sai daga baya wani abokin aikina da ya daɗe yana kiwo ya fahimtar da ni abin da ya faru. A gidajen ƙyanƙyasa ana tantance 'yan tsakin masu ƙwai tun ranar da suka fito, a ware mata a sayar da tsada, mazan kuma, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kokarel, a sayar da su da araha domin ba sa yin ƙwai kuma ba sa saurin yin nama. A irin jajayen kajin nan masu ƙwai bambancin a bayyane yake ga wanda ya sani: mace tana fitowa da launin ƙasa-ƙasa, namiji kuma fari mai ratsin rawaya. Nawa duka farare ne tas, ni kuma hasken nasu ne ma ya ja hankalina. Kiwon kokarel ba laifi ba ne, akwai masu tara su domin kasuwar Sallah da ta Kirsimeti, amma ya kamata mutum ya saye su da sanin abin da yake saye.

Mafi yawan 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga kudu maso yamma suke zuwa, musamman Ibadan da sauran garuruwan Jihar Oyo, suna kwana a mota kafin su iso, ko da yake tun shekarar 2017 kamfanin Olam ya buɗe babban wurin ƙyanƙyasa a Jihar Kaduna, wanda ya rage wa wasu nisan tafiya. Ana zuba su 50 a kwali, a ƙara ɗaya na gyara, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce mutum ya biya kuɗi tun da wuri a wajen dillali mai shago, wanda za a iya komawa a same shi gobe, a faɗa masa ranar zuwan kaya. Ɗan tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa wadda ke riƙe shi kamar kwana biyu zuwa uku ba ci ba sha, shi ya sa yake jure doguwar tafiya, shi ya sa kuma tambayar ranar da aka ƙyanƙyashe shi take da muhimmanci, domin wanda ya ƙara kwana biyu a bakin titi ya riga ya cinye guzurinsa. Yanzu ba na karɓar kwali sai na buɗe shi a gaban mai shago, na ɗauki 'yan tsakin ɗaya-ɗaya na duba ko idanunsu a buɗe suke tar, ko cibiyarsu ta bushe ta rufe, ko ƙafafunsu a miƙe suke, ko kuma kashi ya manne musu a baya. Tun da kwali guda ya fi ƙarfin bayan gidana, ni da maƙwabcina muke raba shi.

Game da irin da za a zaɓa, ra'ayina ya karkata wuri ɗaya. Buroila, wato kazar da ake kiwo domin nama, tana isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, amma ba ta da juriya, kuma zafin watan Afrilu yana kwantar da ita. Masu ƙwai zalla sai sun kai mako 18 zuwa 20 kafin su fara biyan abin da suka ci. Ga mai ɗan fili a bayan gida na fi ganin dacewar irin da ke ba da nama da ƙwai tare, kamar Noiler da kamfanin Amo na garin Awe a Jihar Oyo ya samar, wadda ke iya yin kiwo a tsakar gida ta ci dusa da ragowar tuwo. Mu mutanen Zariya kuma muna da Shika Brown, mai ƙwai wadda cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar domin ta dace da yanayinmu. Wanda ba zai iya tashin dare ba, gara ya ƙara kuɗi ya sayi waɗanda aka riga aka raina na mako huɗu.

A karo na biyu sai da aka gama ɗakin kaji, aka wanke shi, ya bushe, sannan na je na biya kuɗin 'yan tsaki. Akurkin ƙasa irin na kakanninmu, mai ƙaramar ƙofa da ake toshewa da faifai ko dutse, an yi shi ne domin kajin da ke yini a waje su dawo kwana kawai, ba zai yi wa kajin da za su yini su kwana a ciki ba. Na auna mita uku a tsawo da mita biyu a faɗi domin kaji 20, wato kusan kaza uku a kowace murabba'in mita, domin cunkoso ne ke sa su fara tsattsagar juna, kuma da zarar sun ga jini a jikin ɗaya ba sa ƙyale ta. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ta yadda ranar hantsi da ta la'asar za su bugi gajerun bangaye, ba su shiga ta gefe ba. Bulo layi uku kawai aka jera daga ƙasa, sauran har sama raga ce ta waya.

A kan wannan raga ne muka ɗan yi ja-in-ja da kafintan, dattijo ne da ya girmi mahaifina. Shi yana so ya rufe ko'ina da katako, yana cewa, "Malam, ka bar su a buɗe haka sanyi zai gama da su." Na ce, "Baba, sanyi na wata biyu ne, zafi kuwa na wata nawa ne?" Kaza ba ta yin gumi, da baki take fitar da zafi, kuma duk wanda ya taɓa ganin kaji a ƙarshen Maris sun buɗe baki sun saki fukafukai suna haki ya san abin da rufaffen ɗaki zai yi musu. Muka daidaita a kan labule na tsofaffin buhunan abinci, a sauke shi da dare a lokacin hunturu, a naɗe shi da hantsi. Shi kuma ya kawo shawarar da ban yi tunaninta ba, wato a ɗaga rufin kwanon ya wuce tsayin mutum sannan a shimfiɗa zana a kansa, kuma bambancin da zanar nan take yi da tsakar rana sai wanda ya shiga ya ji.

Daɓen ƙasa na siminti ne, saboda ban manta da gafiya ba, ita kuwa ta ƙarƙashi take haƙowa. Ragar ma mai ƙananan idanu na saya ko da ta fi tsada, domin mai manyan idanu tana hana kaza fita ne kawai, ba ta hana ɓera da maciji da tsuntsaye shiga. A kan daɓen ina zuba ɓuntun shinkafa mai kaurin kamar yatsu huɗu, wasu kuma ɓarɓashin katako suke karɓowa a wajen kafintoci, amma garin katako mai laushi ba shi da kyau ga 'yan tsaki saboda suna cinsa a zaton abinci ne. Hanyar da nake gane shimfiɗar ta lalace ita ce in tsuguna in kai fuskata daidai tsayin kaza, idan warin kashi ya sa idona ya yi yaji, to su da suke shaƙarsa dare da rana sun daɗe da cutuwa. Abin da aka kwashe kuma ba ya zama shara, masu lambu suna zuwa har gida su saya. Na gicciya sanduna biyu domin hawa kwana, na yi akwatunan ƙwai huɗu a gefen da ya fi duhu, ɗaya ga kowace kaza biyar.

Makonni biyu na farko su ne wahalar. A cikin ɗakin na kewaye wuri da kwali a zagaye, ba tare da kusurwa ba, domin kusurwa ce ta kashe mini shida na farko. A tsakiya na ɗora kaskon gawayi a kan bulo, kuma a waje nake hura shi sai hayaƙi ya ɗauke ya zama garwashi sannan in shigo da shi, in kuma bar kafa a saman labule domin iska ta riƙa fita. Zafin da ake so a makon farko digiri 32 ne zuwa 35, a riƙa rage kamar uku kowane mako, amma ni ban dogara da ma'auni kamar yadda na dogara da kallon su kansu ba. Idan sun taru a gindin kasko suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. Idan sun gudu jikin kwali sun buɗe baki, wuta ta yi yawa. Idan kuwa sun bazu, wasu na ci, wasu na barci sun miƙe wuya kamar matattu, to sai in koma in kwanta. Da isowarsu ruwa mai ɗan sukari nake fara ba su kafin abinci, ina tsoma bakin kowanne a ciki, kuma nakan zuba tsakuwa a mazubin ruwan don kada wani ya faɗa ya jiƙe. Washegari nakan taɓa 'yar jakar abincin da ke ƙasan wuyansu, idan na ji ta cika ta yi laushi na san sun gane ci da sha.

Mahaifiyata, wadda ta yi kiwon kajin gida tun kafin a haife ni, ba ta ga dalilin riga-kafi ba. "Kai dai ka jiƙa musu barkono," in ji ta. Ban musa mata ba, amma na tuna yadda kusan kowane hunturu annoba ke share mata akurki, kaji su riƙa murɗe wuya suna zawo kore, wanda shi ne ciwon Niyukasul, kuma ba shi da magani idan ya kama. Maganin riga-kafinsa da na wani ciwon kaji mai suna Gumboro ana samunsu a shagunan likitocin dabbobi, har da waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take haɗawa, likitan kuma shi ke rubuta ranakun da za a ba da kowanne. Inda mutane ke yin asara shi ne wajen ɗaukowa da bayarwa, domin zafi yana kashe maganin, dole sai cikin ƙanƙara, ruwan famfo mai sinadarin kulorin ma yana kashe shi. Ruwan rijiya nake amfani da shi, in ɗauke musu ruwan sha na kamar awa biyu tukuna domin su shanye da wuri. Kwalbar da muke saye ta kaji 100 ce, ba ta ajiyuwa bayan an buɗe, don haka rana ɗaya muke yi da maƙwabcina. Tun bayan murar tsuntsaye nau'in H5N1 da ta fara ɓulla a Afirka a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna cikin 2006, masu manyan gonaki suka daina barin baƙi shiga wajen kaji, ni ma a ɗan nawa akwai silifas da ba ya fita daga ƙofar ɗakin, kuma zakaran da surukina ya aiko mana sai da ya yi mako biyu a ƙarƙashin kwando a zaure.

Lissafin abinci ne ya fi ba maiɗakina mamaki, domin ita ke riƙe da littafin. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana, ke nan buhu mai kilo 25 kwana goma yake yi wa kaji 20, kuma wata huɗu da rabi muka yi muna saye ba mu ga komai ba. Cikin 25 da muka karɓa 23 suka rayu, muka yanka zakaru, ƙwan farko kuma ɗan ƙarami ne, muka tsince shi a gindin mazubin ruwa, ba a cikin akwatunan da na ɓata yini guda ina ƙerawa ba. Abin da ya rage mini yanzu shi ne bakin rufin, wanda na yi ƙwauron kwano na bar shi gajere, damina ta bara kuma ta nuna mini kuskurena, domin duk ruwan da ya zo da iska sai ya feso ta raga ya jiƙa ɓuntun gefe ɗaya. Na riga na yi magana da Baba kafinta, ya ce zai zo ya ƙara layi ɗaya kafin ruwan Mayu ya sauka.