Hunturun da na yi ina bin motar kwana-kwana

Na shafe shekaru ina gyaran manyan motoci a Katsina, cikinsu har da na kashe gobara, kuma a 'yan shekarun nan ƙananan motocin haibrid irin su Toyota Prius, masu haɗa injin mai da batir, sun fara shigowa garejina. Shi ya sa da wani dattijo cikin direbobin kwana-kwana ya ce da ni, "Malam, wannan dabarar ba za ta yi wa motarmu ba, mu huta da tsadar dizal?", ban ba shi amsa da ka ba. Na nemi izinin bin su aiki tsawon hunturu guda, lokacin da gobara ta fi tashi, da ɗan littafi a aljihu ina rubuta lokacin da inji ya yi yana tafiya da wanda ya yi a tsaye.

Ribar ƙaramar motar haibrid tana cikin cunkoso ne, domin duk birkin da aka taka yana mayar da ɗan caji cikin batir, inji kuma yana mutuwa da kansa idan an tsaya. Motar kashe gobara ba haka rayuwarta take ba. Tafiyarta 'yan mintoci ce, aikinta na gaske kuwa sai ta tsaya yake farawa, saboda famfonta daga inji yake samun ƙarfi. Wani dare da wuta ta kama shaguna wajen Ƙofar Marusa, na tsaya kusa da motar, iska na kaɗa harshen wuta, mesa ta yi tauri kamar taɓarya a hannun mutum biyu, inji na ruri babu sassauci har aka kira sallar asuba. A wannan tsayuwar babu birkin da zai ciyar da batir.

Ban raina abin da aka ƙera a waje ba. Kamfanin Rosenbauer na ƙasar Ostiriya ya fitar da mota mai suna RT, wadda 'yan kwana-kwanan Berlin suka fara gwadawa a 2020, birnin Los Angeles na Amurka kuma ya karɓi irinta a 2022. Lantarki ne ke tuƙa ta, shi ke juya famfo, amma duk da haka sai da suka ajiye mata injin dizal da zai yi caji idan aiki ya yi tsawo. Can motar tana komawa tasha ta tarar da wuta a soket, tana kuma samun bututun ruwa a bakin titi. Mu idan tanki ya ƙare, sai a juya neman ruwa ko a jira tanka, a dawo tasha a tarar an ɗauke wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi da ƙura. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura 40, batirin litiyam kuwa zafi na rage masa kwana. Na sha buɗe fankar da ke sanyaya batirin Prius in ciro ƙura a dunƙule kamar auduga. Idan ƙaramar mota ta lalace, mai ita zai hau Keke Napep ya tafi harkarsa. Motar da ake jira a ƙofar gidan da ke ci da wuta, mata da yara na kururuwa a ciki, ba ta da wannan uzurin, kuma kayan gyaranta ba a kasuwarmu suke ba.

Na faɗa wa dattijon cewa famfo ya zauna a kan dizal tukuna, sannan muka ɗauki abin da zai amfane mu. Mun kafa sola a rufin rumfar da motar ke kwana domin batirin tayar da ita ya kasance cike kullum, muka ƙara wani batir daban na fitilun aiki, yadda bayan an ci ƙarfin wuta za a kashe inji a ci gaba da tonon garwashi da haske. Tun daga ranar, ko da sanyin asuba aka buga ƙararrawa, murɗa makulli ɗaya take tashi.