Ruwan gwal a kan kek: wanda ake ci, wanda ake cirewa, da yadda zai zauna a zafin Gusau

Yanzu da wuya a yi dinar biki, walimar sauka ko shagalin suna a Gusau ba a ga kek mai ruwan gwal ba. Amarya za ta turo hoto daga Instagram ta ce irin wannan take so, mai kek kuma ta shiga shagon kayan kek ta ce a ba ta gwal. To 'yar'uwa, abubuwa uku ne ake kira da wannan suna ɗaya, kuma ba duka ne ke shiga ciki ba.

Na farko zinare ne na gaske, karat 22 zuwa 24, wanda aka buga ya zama falle mai sirantakar da numfashinki ma zai ɗauke shi. Lambarsa a jerin kayan abinci E175. Ba shi da ɗanɗano, jiki ba ya narkar da shi, yadda ya shiga haka yake fita. Na biyu hoda ce mai sheƙi. Wadda aka yi don ci, yawanci garin wani dutse ne mai ƙyalli da ake kira maika, aka lulluɓe shi da launin abinci irin E172, babu zinare a cikinta ko ƙwaya. Na uku kayan ado ne zalla: fallen jabu da aka yi da jan ƙarfe da tutiya, hodar masu zane, ribon, da rubutun roba da ake sokawa a saman kek.

Kafin ki biya kuɗi, juya gwangwanin ki karanta. Abin da ake ci dole ya zo da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, kuma galibi za ki ga kalmar "edible" a jiki. In kin ga "non-toxic" kawai, ko "for decoration only", ba abinci ba ne, ajiye shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan wannan bambanci, kuma ba a banza ba. A 2018, a jihar Rhode Island, yara shida suka kama amai da zawo bayan cin kek ɗin zagayowar ranar haihuwa da aka shafe da hodar gwal mai ja-ja, aka bincika aka tarar garin jan ƙarfe ne. A 2019, a jihar Missouri, aka sami dalma a jinin yaro ɗan shekara ɗaya, aka bi sawu har zuwa hodar da aka yi wa kek ɗinsa ado da ita, kashi 25 cikin 100 nata dalma ce.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga ƙurar dutsen zinare da ake dakawa a cikin gidaje. Yara ne suka fi cin kek, kuma su ne jikinsu ya fi saurin shan wannan guba. Don haka hodar da aka ƙulla a leda ko aka juye a robar da ba rubutu, kome arharta da kyan sheƙinta, kada ta taɓa abin da za a sa a baki. In kwastoma ta nace sai wani irin sheƙi mai kamar madubi wanda hodar ado kaɗai ke bayarwa, a yi shi a kan abin da za a cire gaba ɗaya kafin a yanka, kamar harafin suna da aka kafa a kan tsinke, kuma a gaya wa mai bikin baki da baki.

Fallen jabu yana da sauƙin ganewa. Ya fi kauri, kina iya ɗaga shi da yatsu ya yi ƙara kamar takardar alewa, kuma yakan zo da faɗi, santimita 14 ko 16. Na gaske in kika murza shi tsakanin yatsu ɓacewa yake yi ya bar ɗan ƙyalli. Na jabu in ya haɗu da laima ko tsami yakan dushe ya yi duhu ko kore, zinare kuwa ba ya sauya launi.

Sai maganar ruwan da ake kwaɓa hodar. Mafi yawan bidiyon da ake kallo daga Turai da Amurka da giyar vodka suke kwaɓawa, saboda tana bushewa cikin 'yan mintoci ba ta narkar da sukari. Wannan ba namu ba ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ruwan ƙamshin lemon tsami na kwalba da ake cewa a yi amfani da shi a madadinta, shi ma yawancinsa barasa ce, haka gwal na fesawa da ke zuwa a gwangwani. Ki duba kalmar "ethanol" ko "alcohol" a jikinsu. Ruwa zalla kuma ba ya yi, domin fondan, wato kwaɓin da ake murzawa ya yi falle a lulluɓe kek da shi, sukari ne, ruwa na taɓa shi sai ya yi danƙo, buroshi ya riƙa jan sa, fentin ya yi layi-layi. Ruwan lemon tsami da aka matse ma haka.

Hanyoyi uku ne suke aiki ba tare da barasa ba, kowace da inda ta dace.

A kan fondan, mafi sauƙi kuma mafi kyan sheƙi shi ne gogawa a bushe. Ki lakuto farin kitsen girki (shortening), wanda ake shafa wa tebur kafin murza fondan, kamar ƙwayar gero biyu, ki murza a tafin hannu ki shafe wurin. Ki bi da tishu ki ɗauke rarar, har sai wurin ya daina ƙyallin maiƙo. Sannan ki ɗauki babban buroshi mai laushi wanda ba a taɓa sa shi a kwalliyar fuska ba, ki dangwalo hoda, ki kakkaɓe, ki riƙa gogawa kina zagayawa. In kitsen ya yi yawa hodar za ta dunƙule ta yi dabbare-dabbare. In ya yi kaɗan ba za ta kama ba, za ta zube a kan hawan kek ɗin da ke ƙasa. Saboda haka ki shimfiɗa takarda a kan duk inda ba ki son gwal ya sauka.

Don zane da rubutu da gefen furanni, ƙaro ne abokin aiki, wanda aka tace don abinci. Cokalin shayi ɗaya na garinsa a cokali biyu na ruwan zafi, a motsa har ya narke, a tace da kyalle mai tsabta, a bar shi ya huce. Ki zuba rabin cokalin shayi na hoda a murfin kwalba, ki riƙa ɗiga ruwan ƙaron digo-digo har ya yi kaurin madarar gwangwani. Tunda akwai ruwa a ciki, sharaɗinsa shi ne fondan ya riga ya bushe, awa 12 zuwa 24 bayan lulluɓe kek ɗin, kuma buroshi ya bi wuri sau ɗaya ya wuce. Kada ki koma kan wurin da bai bushe ba. Ki jira kamar rabin awa ki yi shafi na biyu. Siraran shafi biyu sun fi mai kauri ɗaya, wanda ke tsagewa in ya bushe.

A kan aisin ɗin bota, wato shafin bota da sukari da ake yi wa kek, da kuma cakulan kuwa, maiƙo ne ke bin maiƙo. Kitsen koko da ake yin cakulan da shi za ki nema, na ci, ba man shafawa mai irin sunansa ba. Ki narkar da cokalin shayi ɗaya, ki zuba rabin cokali na hoda, ki ɗora ƙaramin kwanon a kan kofin ruwan ɗumi don kada ya daskare kina cikin aiki. Yana sauka a kan kek mai sanyi yake kamewa. Man gyaɗa ko wani man girki ma yana kwaɓa hoda ta yi kyau, amma ba ya bushewa har abada, duk wanda ya taɓa sai ya kwashe a yatsa. A bar shi don wurin da hannu ba zai kai ba.

Wani abu da ke raba aikin gwana da na 'yar koyo shi ne launin da ke ƙarƙashi. Hodar gwal ba ta rufe fari sosai, sai ki ga ta yi fari-fari kamar an wanke ta, ki yi ta ƙara shafi kina asarar hoda. Ki rina fondan ɗin wurin tun farko. Rawaya mai ɗan duhu kamar ta kurkum tana ba da gwal mai haske irin na sarƙar amare. Ruwan ƙasa mai haske kamar shayi da madara yana ba da gwal mai nauyi irin na tsohon zobe. Da wannan, shafi ɗaya ko biyu ya wadatar.

Gwal mai zuba daga saman kek zuwa gefe, wanda ake yayi yanzu, ba a zuba shi da launinsa. Farin cakulan ne giram 90 da kirim mai kauri giram 30, a narkar a haɗa, a sa ɗan launin rawaya mai maiƙo, a bar shi ya huce har ya zama in kin ɗiga a bayan hannu ba ki jin zafi. Kek ɗin ya fito daga firij da sanyinsa. Ki gwada digo ɗaya a bayan kek: in ya gangara har faranti ya yi zafi ko ruwa, in ya tsaya a baki ya yi sanyi. Bayan kin gama ki mayar firij minti 20 zuwa 30, sannan ki bi kowane digo da ƙaramin buroshi kina shafa masa kwaɓaɓɓiyar hodar gwal. Hodar da aka zuba kai tsaye cikin cakulan nutsewa take yi, sheƙin ya mutu.

Fallen zinare iri biyu ne. Akwai sakakke da ke kwance tsakanin takardu, wanda ya dace da yayyagawa a watsa nan da can. Akwai wanda aka manna a jikin takarda, shi ne na rufe wuri mai faɗi. Littafi guda yakan ƙunshi falle 25. Ki yi lissafi kafin ki faɗi kuɗin aiki: kek mai inci 8 kewayensa kusan santimita 64 ne, falle mai santimita 8 kuwa sai guda 8 ko 9 kafin su zagaye shi sau ɗaya. In tsayin hawan santimita 10 ne, layi biyu za ki yi, ga kuma na cike gurbi, wato kusan falle 20 a hawa ɗaya. Shi ya sa ɗamara ɗaya mai faɗin falle guda, ko yayyagaggen gwal da ya hau gefe ɗaya kamar reshe, ya fi riba, kuma sau da yawa ya fi kyau a ido.

Wajen mannawa, ki kashe fanka, ki rufe taga, ki sa takunkumi. Ki ɗan jiƙa buroshi ki matse shi a tishu, ki shafa wa fondan laimar da ba ta wuce ta hucin baki a kan madubi ba. Tururin buta na daƙiƙa biyu ma yana yi. Ki ɗora takardar, ki shafa bayanta a hankali da auduga, ki ɗaga. Kowane falle ya ɗan hau kan na kusa da shi. In laima ta yi yawa zinaren zai yamutse ya dushe, in ta yi kaɗan rabi zai bi takarda. Kada yatsa ya taɓa shi, da busasshen buroshi ko hantsaki ake ɗauka. A kan aisin ɗin bota ba a buƙatar ruwa, maiƙonsa ya isa, in dai ya yi sanyi ya ƙanƙame.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Da hunturu fondan na saurin bushewa, fenti ya kama da wuri, amma fallen zinare yana tashi ya manne wa buroshi da hannun riga saboda bushewar iska, ƙura kuma tana kashe sheƙi, sai a rufe kek a kwali da zarar an gama. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bota da kitsen koko duka suna narkewa tun a wajen digiri 35, don haka kek ɗin da za a ajiye a rumfar biki da rana a yi shi da fondan da ƙaro. Da damina kuwa gumi ne matsala: kek ya fito daga firij, raɓa ta kwanta a kansa, gwal ya fara gangarowa. Ki sa shi a firij cikin kwali, ki fito da shi cikin kwalin, kada ki buɗe sai bayan awa ɗaya ko biyu, raɓar za ta sauka a kan kwali. In ya riga ya jiƙe kada ki goge, ki kunna masa fanka daga nesa ya bushe da kansa.

Ƙananan duwatsun sukari masu ruwan gwal su ne na ƙarshen sawa, a ranar bikin, domin laimar aisin tana cinye launinsu cikin dare ɗaya su koma fari. Kwalin ɗauka kuma ya fi kek ɗin faɗi da aƙalla inci 2, farantin ƙasa ya cika kwalin daidai don kada ya zame in Keke Napep ya faɗa rami. Ki tafi da ɗan buroshi da falle biyu ko uku a jaka don gyaran inda ya gogu.