Toyota a goshi, Subaru a ciki: motar tseren da na saya a Abuja

Ranar da na fara kai motar gidanmu na Jos, Baba ya fito daga masallaci bayan la'asar, ya zagaya ta, ya sunkuya ya leƙa ciki. Ya ce, "Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma idan ni da Hajiyarka za mu tafi asibiti, ina za mu zauna?" Na ce, "Baba, akwai kujeru biyu a baya." Ya sake leƙawa bai ce komai ba. Kujerun nan kuwa babba ba zai iya zama a cikinsu daga Rikkos zuwa Terminus ba sai ya tanƙwashe gwiwa. Tambayarsa ita ce ta farko da ya kamata mai sha'awar irin wannan mota ya yi wa kansa, tun kafin ya tambayi gudunta.

Tun ina yaro nake son mota mai ƙofa biyu, gajera, wadda take kwance a ƙasa. Da na samu hali a farkon 2023 sai na fara zagaye wuraren masu sayar da motoci a Abuja. Uku ne a raina: Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Toyota 86.

Camaro na fara gani, baƙa, fenti yana sheƙi, farashinta kuma ya yi sauƙin da ya sa na tsargu. Dillalin yana ta cewa, "Yallaɓai, wannan ko kwarzane babu, haka ta sauka daga jirgi." Na ɗauki hoton lambar jikinta, wadda ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da dare na saka ta a intanet, sai ga hotunan motar a filin gwanjon motocin haɗari a Amurka: gaba ya lotse har injin, balan-balan ɗin kariya duk sun fashe. An gyara, an fesa fenti, an kawo ta layin masu lafiya. Ban koma ba. Ba laifi ba ne a sayi motar da ta taɓa haɗari, da yawa cikin na hannu da ake shigowa da su haka suke, laifin shi ne a ɓoye maka. Motar da aka ƙera don gudu kuma ba ta yafe karkataccen ƙashi. Daga ranar duk motar da na duba sai na biya kuɗin rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar a Amurka, na ɗaga kafet na shinshina ko akwai warin ambaliya, sannan na nemi takardun kwastan na sa a tabbatar mini da su kafin a yi maganar kuɗi.

Mustang kuwa abokina ne yake da ita, samfurin 2016 mai injin lita 5.0 da silinda takwas, ƙarfin doki 435. Ya ba ni na tuƙa a hanyar filin jirgi. Rurin injin nan har cikin ƙirji kake jin sa, kuma ba zan yi ƙarya ba, na so ta ƙwarai. Shi ne da kansa ya ce mini, "Abokina, zauna mu yi lissafi." Ya nuna mini abin da yake kashewa a kan mai da tayoyin baya a shekara. Na gode masa har gobe.

Haka na ƙare a kan Toyota 86 samfurin 2017, mai giyar hannu guda shida. Injinta lita 2.0 ne, ƙarfin doki 205, bai kai rabin na Mustang ba. Amma nauyinta wajen kilo 1,250 ne kawai, kuma tayoyin baya ne suke tura ta. A miƙaƙƙiyar hanya manyan motocin gida da dama za su wuce ta. A kwana ne ake sanin ta, domin duk abin da tayoyin gaba suka taka sai ka ji shi a tafin hannunka ta sitiyari. Na guji samfurin 2013 saboda kamfanin ya taɓa neman a mayar masa da wasunsu a 2018 domin canza sifirin ɗin bawul, kuma ba ni da hanyar sanin waye ya yi aikin, ko an yi shi daidai.

Babban dalilina shi ne sunan. Na ce ai Toyota ce, a ƙasar nan ko a ƙauye ka tsaya za ka samu wanda ya san ta. A nan lissafina ya kuskure. Toyota da Subaru ne suka haɗu suka ƙera motar, a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake haɗa ta, kuma tagwaye suke da Subaru BRZ. Injin na Subaru ne, kwance yake, silinda biyu a dama biyu a hagu. Makaniken da ya yi shekara ashirin yana kwance Corolla da Camry zai buɗe bonet ya ga abin da bai saba ba. Na farkon da na kai wa ya zuba mini baƙin mai mai kauri, irin wanda yake zuba wa kowa, alhali 0W-20 aka rubuta a kan murfin. Da na yi magana ya ce, "Oga, zafin ƙasarmu ba ya son mai ruwa-ruwa." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, haka aka koya masa. Washegari na sa aka zubar. Sai da na yi kusan wata biyu ina tambaya wajen makanikan Apo a Abuja kafin aka haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe yana gyaran Subaru Forester. Tun daga lokacin ba wanda ya sake taɓa injin sai shi, kuma da kaina nake sayo man in tsaya a zuba a gabana.

Sai maganar fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, wata biyu da sayen motar, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Tankina lita 50 ne. A da bai kai naira dubu goma ba nake cika shi, cikin 'yan kwanaki ya haura dubu ashirin da biyar, zuwa ƙarshen 2024 ya wuce dubu hamsin. Abokina mai Mustang sai Asabar da Lahadi yake fito da ita yanzu. Ni ina iya fita da tawa aiki, amma tana da nata zaɓen: injin yana matse mai sosai kafin ya kunna shi, don haka fetur mai kyau yake so. Sau ɗaya na sha wajen 'yan bumburutu lokacin dogon layi, na ji injin yana ƙwanƙwasa duk sa'ad da na taka totur a hawa. Yanzu gidajen mai biyu kawai nake shiga, idan babu in ajiye ta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tazararta da ƙasa, wajen santimita 12 da rabi. Cikin Maitama, Wuse da babban titin Kubwa ba ka da damuwa. Ka shiga lungunan unguwa inda kowa ya gina tudun rage gudu a ƙofar gidansa yadda ya ga dama, sai ka ji cikinta yana gurzar siminti. Na koyi hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Tayoyin ma sirara ne, 215/45 a kan rim mai inci 17, roba kaɗan ce tsakanin ƙarfe da kwalta. Tafiyata ta biyu zuwa Jos, bayan Akwanga, na faɗa rami da yamma, taya ta kumbura a gefe, rim ya lanƙwashe. Mai faci ya duba ya girgiza kai, ba a yi wa kumburin gefe faci, girman tayar kuma babu shi a garin. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ban zargi motar ba. Na dai daina tafiyar yamma, kuma ina ajiye taya guda ta ko-ta-kwana a gidan Jos.

Amma Hawan Kibo da safe, hanya a bushe, babu tirela a gabanka! Ka sauko giya ta uku, ka shiga kwana, motar ta bi inda idonka ya kalla kamar ta san nufinka. Ba gudu nake yi a wurin ba, duk ɗan Jos ya san rayukan da hawan nan ya ci. Daɗin yana samuwa ko a kilomita 60. Idan ka hau saman tsaunin kuma za ka ji ta ɗan yi sanyin jiki, domin Jos ta haura mita 1,200 daga teku, iska ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo yana rasa wani abu na ƙarfinsa.

Damina ce ta ba ni tsoro. Wata rana bayan ruwan sama na taka totur da ƙarfi ina fita daga shataletale, bayan motar ya zame ya nufi gefe. Na'urar hana santsi ce ta kama ta kafin in yi komai. Akwai mai babur a kusa da ni. Na tsaya a gefen titi na daɗe ina salati. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga samari suna kashe wannan na'ura suna juyi da mota a titin jama'a ranar ɗaurin aure. Dokar hanya ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a babban titi, kuma wanda yake tsallaka titi bai shiga wasan kowa ba. Bayan wannan rana na bar inshorar dubu goma sha biyar, wadda ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, na koma cikakkiya.

Tambayar Baba kuwa tsohuwar Corolla ɗin uwargida ce ta amsa ta, ita muke ɗauka idan za mu gida da yara. Wata mai zuwa za a canza fulogi. Na yi odar guda huɗu, dattijon ya ce in kawo motar tun da sassafe in bar masa ita wuni guda, domin a gefen injin suke, dab da ƙashin motar, sai ya ɗan ɗaga injin kafin hannunsa ya kai gare su.