Yadda na sayar da tsohuwar jita mai ƙoƙo a Katsina

Sana'ata gyaran amfilifaya da lasifika ce, a wani ɗan shago wajen Ƙofar Ƙaura, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki kayan kiɗa sai sun biyo ta hannunsa ko bai nema ba. 'Ya'yan wani dattijo da ya yi kiɗa a Sabon Garin Kano a shekarun 1970 ne suka kawo mani jitar bayan rasuwarsa, don an raba gado ba wanda ya ce yana so. Na taya, suka sallama.

Höfner ce, ƙirar Jamus. Kamfanin ya fara aiki tun 1887, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma garin Bubenreuth, kuma a shekarun 1950 da 1960 kamfanin Selmer na Landan ne ke rarraba jitocinsa a Ingila. Gangar jikinta ba dunƙulen katako ba ne irin na yawancin jitocin lantarki na yanzu. Ƙoƙo ce, cikinta fayau kamar ƙwaryar goge, siririn katako sama da ƙasa, da tsagu biyu masu lanƙwasa a fuska. Ko ba a jona ta da wuta ba tana da murya. Shekarunta kuwa a bayan maɓallin boliyum na gano su, inda aka buga lamba uku: biyun farko mako ne, ta ƙarshe shekara. Tawa ta nuna 1962.

Halin da ta zo ba kyau. Gam ɗin da ya riƙe wuya ya saki saboda tsufa da zafi, wuyan ya karkato gaba, tsirkiya ta yi sama har yatsa na shigewa ƙarƙashinta. Fuskar ta dare daga tsagar ƙasa zuwa gindi, aikin hunturu ke nan: masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa a Janairu yakan sauka ƙasa da kashi 20, siririn katako ya bushe ya tsuke har ya tsage. Fikof, wato maganaɗisun da ke ɗauko motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki, ɗaya ya mutu. Ɗayan kuma wani can a baya ya cire na asali ya yanke katakon fuska ya faɗaɗa rami ya cusa wani daban. Na asalin yana aljihun akwatinta, naɗe a tsumma.

Aikin katako wani dattijon kafinta na ba. Ya turara mahaɗar da tururin ruwan zafi har wuyan ya zare, ya kankare tsohon gam, ya gyara zaman ya mayar. Tsagar ya like ta, ya tokare ta daga ciki da 'yan ƙananan katakai. Ni na sake ƙarafan wuya da suka cinye, wato 'yan sandunan ƙarfe da ake danna tsirkiya a kansu, da kunnuwan ɗaure tsirkiya, na sa fikof biyu irin humbucker. Wannan ƙira Seth Lover ne ya fito da ita a kamfanin Gibson, ta fara hawa jitocinsu a 1957: naɗin waya biyu ne masu saɓa wa juna, sai ƙugin wutar lantarki ya kashe kansa. Wanda ya taɓa kiɗa kusa da janareta ya san amfanin wannan.

Wayoyin ciki su suka fi cin rai. Jita mai ƙoƙo ba ta da murfi a baya, komai ta tsagar fuska yake shiga. Sai ka haɗa wayoyin duka a kan tebur ka like da dalma, ka zuro zare ta kowane rami ka ɗaure a wuyan maɓallinsa, ka tura tarkacen ciki, sannan ka riƙa jan zaren a hankali har kan maɓallin ya leƙo. In ya kuɓuce, ka ji shi ƙwal a ciki, sai ka girgiza ka sake sabon lale.

Duk abin da na cire ban yar ba. Fikof biyu na asali, kunnuwa, maɓallai, har ƙananan kusoshi, na zuba a leda na ɗaure.

Da aka zo sayarwa sai na ga ashe gyaran ne mai sauƙi. A Katsina masu situdiyo fiyano suka sani, mawaƙan gargajiya kuma suna da gurminsu da kukumarsu. Masu shigowa shago sai su shafa ta su ce kai, tsohon hannu, su wuce. Na ɗauki hotuna da rana a inuwa, gaba da baya, da tsagar da aka like, da ramin da aka faɗaɗa, da ledar tsofaffin kaya a shimfiɗe. Na ɗauki sautinta a bidiyo ba tare da ƙara mata kwalliya ba, na sa a Facebook da Jiji, na rubuta duk aibinta ɗaya bayan ɗaya. Wani abokina ya ce ai na kashe kasuwata da hannuna. Ni dai na san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, kuma ko ba don shi ba, mai sayen irin wannan kaya da tocila yake zuwa ya leƙa ciki.

Masu alat na bogi ba su ɓata lokaci ba, ban tsaya kansu ba.

Mai kira na gaske na farko wani Alhaji ne daga Abuja mai tara tsofaffin kayan kiɗa. Bai tambayi muryarta ba ko sau ɗaya.

"Malam, fentin na asali ne?"

"Na asali ne, ranka ya daɗe, sai wurin tsagar."

"Ramin nan fa, kai ka yanke?"

"Haka na same shi."

"To ai an riga an yanke."

Ya taya ƙasa da rabin abin da na sa. Na ce albarka. Raina ya sosu a lokacin, amma lissafinsa daidai ne a kasuwarsa. Mai tarawa tarihi yake saye, kuma a wurinsa gyara kashi biyu ne: wanda ake warwarewa da wanda ba ya warwaruwa. Kunnuwa da fikof, in tsofaffin suna nan, sukurdireba ce ta mayar da su. Mayar da wuya ma ba ya ɗaukarsa laifi, don kusan kowace tsohuwar jita irin wannan sai ta buƙace shi. Amma katakon da aka yanke ya tafi ke nan, haka fentin da aka kankare aka sake. Shi ya sa da kafintan ya ce a goge ta a fesa mata sabon fenti ta yi ƙyalli na ce Baba, a bar ta da tabonta. Duk mai tsohuwar jita a gida, kada ya bari a kai mata samfefa.

Sai wani matashi daga Maraɗi mai kiɗan biki, ya biyo ta Jibiya ya zo har shago. Hannunsa na da daɗi ƙwarai. Muka jona ta da babbar amfilifaya, ya murɗa boliyum yadda ya saba a fili, sai ta kurma ihu. Ba lalacewa ba ce. Sautin lasifika ne ke dukan siririn katakon, katakon ya girgiza tsirkiya, fikof ya ɗauka ya mayar wa lasifika, abu ya yi ta zagayawa. Don maganin haka ne Gibson ta sa dunƙulen katako a tsakiyar jitarta ES-335 a 1958. Tawa ba ta da shi. Ya ce a cusa mata soso a ciki. Ana yi, yana ragewa, amma murya ce ke tafiya da shi. Na ce ɗan'uwa, wannan ba ta filin biki ba ce, nemi mai dunƙulen jiki irin wadda 'yan Agadas ke kaɗawa. Ya sha shayi ya koma.

Wanda ya saya mai situdiyo ne a Kaduna, kuma shi tambayoyinsa na makaɗi ne. Ya ce in danna kowane ƙarfe daga sama har ƙasa a bidiyo ya ji ko akwai mai zizza. Ya ce in ɗora silalla a ƙarfe na 12 ya ga tazarar tsirkiya. Wuyan da aka mayar da sababbin ƙarafa, waɗanda ba su ƙara komai a idon Alhaji ba, a wurinsa kuɗin gyara ne da aka ɗauke masa. A ɗaki yake naɗar sauti, ba ya ƙure boliyum, ihu bai dame shi ba. Mun ja ciniki, ya rage, na rage. Kuɗin ya fi tayin Abuja nesa, bai kai abin da na sa ba. Na fitar da uwar kuɗi da ladan kafinta da riba daidai gwargwado. In aka lissafa zaman dare da jan zare, ba wata riba ba ce ta a zo a gani. Ya turo kafin alƙalami, sauran sai da na gan shi a asusuna da idona, ba a saƙon waya ba.

Wajen aikawa akwai abin da ya kamata a sani. Jakin irin wannan jita, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa a fuska, ba a like yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ya danne shi. Kana sassauta tsirkiya don tafiya zai zame, kuma in ya goce ko kaɗan duk sautin ƙasan wuya ya karkace. Na yi wa gurbinsa alama da salatif na takarda, na cire shi na naɗe daban, na cika ƙarƙashin kan jitar da tsumma don nan ne ke karyewa in akwati ya faɗi. Na sa jiƙaƙƙen soso a gidan sabulu mai huji na ajiye a gefe saboda bushewa. A tasha na biya mata kujera guda, na ce wa direba Oga, ban da but, ban da saman mota. Ledar tsofaffin kayan ta tafi tare da ita, don a cikin ciniki take.

Bayan ta isa, Alhajin Abuja ya sake kira. Jitar ba ya so, amma fikof ɗin nan biyu na asali, har da mataccen, zai saya da daraja don yana da wata Höfner da ke jiransu. Na nemi izinin mai situdiyo na haɗa su, na ce su ƙarata can.