Waya ta shigo, amma bencin shagona bai huce ba

Duk wanda ya leƙo shagona a Zango, cikin Damagaram, sai ya tambaye ni, "Maigida, har yanzu ana biyan kuɗi a buga PlayStation, alhali kowa da waya a aljihu?" Ana biya. Amma ba zan ɓoye ba, waya ta ci mana kasuwa. Tun da wasan Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya ya biyo baya a 2018, samari da dama suka koma fada, shayi na kan wuta, kowa ya duƙufa kan tasa. Da kamfanin Konami ya mai da wasan ƙwallo na PES ya zama eFootball a 2021, ana saukewa kyauta, har shawara aka ba ni in sayar da injunan in kama cajin waya.

Na ƙi. Ƙwallon da ake bugawa da yatsa kan gilashi ba ɗaya ba ne da na manet, wato abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasan. A nan abokin karawarka na gefenka, kafaɗa da kafaɗa, mutum goma a baya suna ihu, wannan Real, wancan Barsa. In an ci ka, ba ka da bakin cewa rezo ne ya yanke.

Gyara na fara koya kafin wasa. Kawuna mai gyaran rediyo ne a Kasuwar Dole, shi ya fara riƙa mini ƙarfen dalma. Ranar da aka kawo masa wata PS2 da ta daina karanta faifai, ya tura mini ita ya ce, "Ɗana, wannan ta zamaninku ce." Na goge idonta da auduga, hannuna na rawa, ta tashi. Har yau ina tuna ƙarar buɗewarta.

Babban abokin gabar inji a Damagaram ƙura ce. PS4 in ta sha ƙurar hunturu, fankarta sai ta riƙa kuka kamar injin niƙa, ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar wasa. Nawa duk ina kwance su, in hure, in goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar injin in shafa sabo. Manet kuwa, in ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba, 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa ce ta cinye. Ƙafa 14 gare ta a jikin allo, sai ka narkar da dalmar kowace ɗaya a hankali. Mai gaggawa yakan ɗago layin tagulla, shi ke nan ya kashe manet.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Wani dila a Kano ya taɓa aiko mini manet shida, kwali sak na asali. Ina ɗagawa na ji ba nauyi. Kafin wata guda huɗu sun mutu, ya daina ɗaukar kirana. Irinsu ne ake zubawa a wasu shaguna, a karya farashin wasa, sannan yaro ya zo yana ce mini can ya fi araha. Sai in miƙa masa tawa in ce, "Danna ka ji."

Masu wayar ma nan suke ƙarewa, batir ya kumbura don ana wasa tana kan caji. Ina canja musu, kuma kafin in gama galibi sun zauna an buga da su. Ina buɗewa bayan la'asar har dare, in an ɗauke wuta akwai janareta. Ɗan makaranta dai ba ya zama mini a benci lokacin aji.