Yau an duba zuciyar ƙanina a Dutse

Talata. Tun da asuba muka fita ni da ƙanina zuwa Dutse, saboda kocinsu ya kafe kai da fata babu yaron da zai kai gudun famfalaki na Legas, kilomita 42 ɗin nan, sai an duba masa zuciya tukuna. Inna cewa ta yi yaron da ke zuwa Kiyawa a guje ya dawo ko haki ba ya yi, me za a duba masa, asarar kuɗin mota ce kawai. Da ƙyar na lallaɓa ta.

Gwajin ba wani abun tsoro ba ne, isiji suke ce masa. Ya cire riga ya kwanta, aka manna masa wayoyi goma, shida a ƙirji huɗu a hannuwa da ƙafafu, ba allura ba jini, nan da nan takarda ta fito da zane-zane. Bugun zuciyarsa 44 a minti, alhali na yawancin mutane 60 zuwa 100 ne, kuma na'urar ta rubuta a sama wai sakamakon ba daidai ba. Wallahi gabana ya faɗi. Shi kuma ya kalle ni ya ce "Yaya, shikenan sun hana ni tafiya ko?"

Likitan, Allah ya saka masa da alheri, bai yi gaggawa ba. Tambayoyi ya fara yi, ka taɓa suma kana gudu, ƙirjinka na ciwo, akwai wanda ya yanke jiki ya rasu yana matashi a danginku. Duk muka ce a'a. Sannan ya ce zuciyar mai gudun dogon zango buɗewa take yi ta ƙara ƙarfi, bugu ɗaya ta tura jini mai yawa shi yasa ba ta buƙatar sauri, ita kuma na'ura ba ta san wa aka kwantar mata ba, ɗan gudu ne ko mai zaman shago. Kuma 'yan wasa baƙar fata sau da yawa wani ɓangaren zanensu na kifewa ƙasa alhali lafiyarsu ƙalau, har sai da masana suka fitar da ƙa'idojin karanta isijin 'yan wasa na duniya a 2017. Amma fa akwai ciwon kaurin naman zuciya na gado da zanensa kan yi kama da wannan, don haka ya rubuta mana hoton zuciya, eko, mako mai zuwa.

A mota ina ta tunanin Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya da ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989 ana wasa da Angola, Baba har gobe yana ba da labarin. Ga Marc-Vivien Foe na Kamaru a 2003 a Faransa, shi ciwon kaurin nan ne ma. Kanu kuwa gwaji ne ya cece shi, a 1996 da ya koma Inter Milan aka gano wata matsala a zuciyarsa aka yi masa tiyata a Amurka ya dawo ya ci gaba da ƙwallo. Italiya tun 1982 ta wajabta gwajin, a yankin Veneto mutuwar fuju'a tsakanin 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Amurka ba su wajabta isiji ga kowa ba, suna duba tsada da yawan firgita masu lafiya, kuma yau na ga gaskiyarsu, amma ni dai gara firgitar. Mu nan yara na buga gasar ƙwallo bayan girbi cikin rana babu wanda ya taɓa ɗora musu ko abun sauraren ƙirji, in ɗaya ya faɗi a ce iska ne a kwara masa ruwa, ba wanda ya iya danna ƙirji irin yadda aka ceto Eriksen ɗan ƙwallon Denmark a 2021. Abun na ci min rai sosai.

Bayan isha ina ba Inna labarin tambayoyin likita sai ta yi shiru, can ta ce ai akwai ƙaninta da ya faɗi a gona yana saurayi tun kafin a haife mu, lafiyarsa lau ya fita, aka ce kwana ne ya ƙare. Ba mu taɓa ji ba. Na kira koci na faɗa masa, ya ce yaron ya dakata da atisaye mai nauyi har a yi eko, kuma lallai mu gaya wa likita zancen kawun. Ƙanina ya yi fushi ko tuwo bai ci ba, amma bakina da na Inna ɗaya, ba gudu sai an ga hoton.