Bulo a ƙarƙashin gadon Gwaggo

Tun asuba ake yayyafi, bai ɗauke ba sai wajen sha ɗaya. Shanyar jiya har yanzu da danshi. Na biya Kasuwar Barci na karɓo ɗinkin Umma, daga nan ni da Auta muka hau keke zuwa gidan Gwaggo a Kigo Road, nan Kaduna.

Mun same ta tana sa almajirinta yana tura bulo ƙarƙashin ƙafafun gado. Buhun shinkafa ya riga ya hau tebur, akwatunanta suna kan wadrob. A bangon falo shaidar ruwan da ya shiga musu tana nan, layi ɗaya ruwan ƙasa da ya kai mini ƙugu, fenti biyu aka shafa bai rufe shi ba.

Auta da karatun zanen gininsa bai iya yin shiru ba. Ya zaro waya ya nuna mata unguwar Schoonschip a Amstadam ta ƙasar Holan, gidaje 46 zaune a kan ruwa, da sola a rufinsu, yara na wasa a kan gadar katako. Ya ce ƙasan kowane gida kankare ne mai rami a ciki kamar ƙwarya, an riƙe shi da turakun ƙarfe da aka kafa a ƙarƙashin ruwan. In ruwa ya ƙaru gidan ya bi turakun ya hau, in ya janye ya sauko.

Gwaggo ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Ɗan nan, nasu ruwan ai kwance yake kamar a baho. Ka taɓa ganin Kogin Kaduna a watan Agusta? Da itatuwa yake tahowa. Rani ya yi kuma duwatsu ne zalla, a kan me gidan naka zai zauna?"

Gaskiyarta ce, ni ma na san haka. Auta ya ce ai ko a Legas an yi, makarantar Makoko da Kunle Adeyemi ya zana aka kammala a 2013, hawa uku a kan durom ɗin roba 256. Da ta tsare shi da ido ya faɗi sauran, cewa ta rushe a daminar 2016. Ta dafe ƙirji ta ce da yara a ciki? Ya ce a'a, an riga an kwashe su. Ta yi hamdala.

Muka ci ɗanwake, aka yi ta raha. Na sake roƙonta ta dawo wurinmu Malali har damina ta wuce. Ta ce Kawu da hannunsa ya ɗora harsashin gidan nan, ba inda za ta.

Da za mu tafi ta rako mu ƙofa, ta riƙo hannun Auta, ta yi ƙasa da murya don kar in ji: "Shi durom ɗin nan na roba, nawa ake sayar da ɗaya yanzu?"

Tambayar nan ta hana ni sukuni tun la'asar. Ashe duk musun da take yi, lissafi take a zuci, ko durom huɗu za su iya ɗaga gadonta da akwatin takardun gidan. Mace mai shekara saba'in, ita kaɗai da almajiri.

Ɗinkin Umma ya yi mata yawa a kafaɗa, sai an mayar.

Goma saura yanzu, ruwa ya dawo da ƙarfi. Na kira Gwaggo, ta ce in kwanta, bai wuce matakala ta farko ba.